"Mam" ko "Mum": in gyara wa yarinyar ko in ƙyale ta?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida. Malaman Turanci ku matso kusa, yau da ku nake. Wata 9 ke nan ina aikin nas a wani asibiti a Sunderland, can arewa maso gabashin Ingila. Shekaranjiya na kwana aiki, gari ya waye ban tafi ba saboda wadda za ta karɓe ni ta makara. Sai ga saƙo daga shugabar ɗakinmu: "Ha'way pet, gan yem, the bairn needs her mam." Wallahi sau uku na karanta. Sai da wata abokiyar aiki ta warware min: haba 'yar gida, tafi gida, yarinya tana buƙatar uwarta. Matar nan fa ta yi karatu, in ta rubuta rahoton majiyyaci ko waƙafi ba za ka gyara mata ba.

Wannan duk bai dame ni ba. Abin da ya kawo ni shi ne Ilham. Shekararta 7, ta dawo daga makaranta da katin da ta yi min da hannunta, ta rubuta "Mam" da manyan baƙaƙe. Ni "Mum" na sani. Na ɗauki biro zan gyara, sai hannuna ya tsaya. In gyara ko in ƙyale?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Gyara mata, kuma tun yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shekara 33 na yi da alli a hannu, abin da nake gaya wa ɗalibaina ke nan: baki yana da 'yanci, alƙalami ba shi da shi. Kowa ya furta yadda ya tashi ya ji ana furtawa, amma rubutu ɗaya ne. Yau "Mam", gobe ta rubuta "gan yem" a takardar jarrabawa, wa gari ya waya?

Auta:
Anti, ni abin da ya ba ni sha'awa shi ne "Ha'way" ɗin nan. Ki duba da kyau, da "a" ta rubuta, ko? To ai shaidar 'yar Sunderland ce. 'Yan Newcastle "Howay" suke rubutawa da "o". Duk mai kallon ƙwallo ya san wannan: magoya bayan Sunderland suna cewa "Ha'way the lads", na Newcastle "Howay the lads", ma'ana ɗaya, wato ku taso samari. Tsakanin garuruwan biyu bai wuce kilomita 20 ba, amma kan wasali ɗayan nan ba sa ga maciji. Kuma 'yan Newcastle suna kiran garinsu da kulob ɗinsu "the Toon", wato "town".

Tsohon Malami:
Auta, a bar maganar ƙwallo a filin ƙwallo. Tarbiyyar yarinya ake yi.

Malama Binta:
Baba Malam, da girmanka, bari in ɗan sa baki, don abin da na karanta ke nan a Leeds. "Toon" da Auta ya kawo ba lalatacciyar "town" ba ce. Ita ce uwar. A Turancin da, shekara dubu da suka wuce, kalmar "tun" ce da dogon wasalin u, kamar yadda muke jan u a "tudu". Gida kuma "hus". Daga wajen shekarar 1400 zuwa 1700 dogayen wasula suka yi ta sauya wuri a bakin mutanen kudu, u ta koma au, shi ya sa yau Landan ke cewa taun da haus. Can ƙuryar arewa da Sikotlan wannan u ba ta gusa ba. Don haka ɗan Newcastle da ya rubuta "toon", "hoose", "doon", "broon", abin da kakannin kowa suke faɗa yake rubutawa.

Haka kalmomin da ke cikin saƙon shugabar Maman Ilham. "Bairn" tsohuwar kalmar Turanci ce ta yaro, har gobe mutanen Denmak da Suwidin da Nowe "barn" suke cewa. "Yem", da wasu ke rubutawa "hyem", a Denmak gida "hjem" ne. "Nowt" da "owt" na Yorkshire da Lancashire da ke arewacin Ingila, wato babu komai da wani abu, tushensu ɗaya da "nought" da "aught" da ke cikin ƙamus. Har "not" da muke rubutawa kullum daga tushen "nowt" ta fito.

To me ya sa na Landan ya zama daidai, na Sunderland ya zama kuskure? Saboda fada da kotu da kasuwa a Landan suke, kuma a nan William Caxton ya kafa injin buga littafi na farko a Ingila a 1476. Shi kansa Caxton ya koka. A 1490 ya ba da labarin wasu fatake da iska ta tsayar da jirginsu a gaɓar Kent, suka sauka neman abinci. Ɗayansu ya tambayi matar gida "egges", wato ƙwai. Ta ce ita ba ta jin Faransanci. Mutumin ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce "eyren" sannan ta gane. Caxton ya ce to shi wanne zai buga? Ƙarshe "eggs" ta ci, kuma ita ce ta arewa, wadda ta shigo ta bakin mutanen Sikandinebiya. Da "eyren" ta ci, yau ita Baba Malam zai riƙa sa mana jan biro a kai.

Tsohon Malami:
Na ƙaru, Malama, Allah ya ƙara sani. Amma labarin naki ai ni ya goya wa baya. Fatake sun kusa kwana da yunwa saboda kowa da kalmarsa. Shi ya sa aka tsai da guda.

Maman Ilham:
Malama Binta, "Mam" ɗin fa? Ita ma tsohuwa ce?

Malama Binta:
Ta yanki ce, Yaya, kuma yankin ba ƙarami ba ne. Arewa maso gabashin Ingila, Wales, da Ayilan duk "mam" ko "mammy". Kudu "mum". Birmingham da garuruwan da ke yammacinta "mom" suke rubutawa, mutane su ɗauka kwaikwayon Amurka suke, alhali tasu ce. Ki leƙa shagunan sayar da kati a garinku a watan Maris, lokacin ranar uwa, za ki ga katunan da aka buga "Mam" a jiki.

Ɗan Dublin:
Jama'a a ba ni wuri, don nan Ayilan abin ya fi na Ingila daɗin labari. Shekara 6 ina nan. Gaisuwar kowa ita ce "What's the craic?", wato mene ne labari, ina hira, ina nishaɗi. In ka ga yadda aka rubuta "craic" za ka rantse kalmar harshen Ayilan ce tun fil azal. Ba haka ba ne. Asalinta "crack", kalmar arewacin Ingila da Sikotlan, mai nufin hira da labari. Ta shiga Ayilan ta arewa, masu magana da harshen ƙasar suka are ta. Harrufansu na gargajiya 18 ne, babu k a ciki, sai suka rubuta ta da ƙa'idarsu: craic. A shekarun 1970 wani shirin RTÉ, gidan talabijin na ƙasar, da ake yi da harshen Ayilan ya yaɗa ta, daga nan Turancin ƙasar ya sake karɓo ta da sabuwar rigarta. Yanzu Turawan Ingila ma "craic" suke rubutawa, suna ganin baƙuwa ce, alhali 'yarsu ce ta je aure ta dawo ganin gida.

Kuma ba kowa ya ji daɗi ba. Diarmaid Ó Muirithe, masanin harshe da ya daɗe yana rubutu kan kalmomi a jaridar Irish Times, ya soki wannan rubutu sosai, yana ganin an yi wa kalmar Turanci rawanin aro ne. Amma jama'a sun riga sun zaɓa.

Maman Ilham:
Ikon Allah! Tsofaffin da nake jinya suna cewa wane "good crack" ne, wato mai daɗin hira. Ashe abu ɗaya ne.

Ɗan Dublin:
Shi ne, Yaya. Ga wasu kuma. "Eejit" daga "idiot" take, amma ba su zama ɗaya ba. In abokinka ya ce maka "eejit" kamar a ce maka kai dai shashasha ne ana dariya, in ya rubuta "idiot" to faɗa ne. Wato rubutun ya haifi sabuwar kalma. Ka mai da ita daidaitacciya, ka sauya abin da mutum ya faɗa. "Yer man" da "yer wan" kuwa mutumin nan ne da matar nan, irin yadda muke cewa mutumin naka ya zo, ko da ba ka taɓa ganinsa ba. Sai "old", wadda na ga an rubuta ta "oul", "aul", "auld", da "ould". "Me oul wan" tsohuwata, "me oul fella" tsohona, daidai yadda samarinmu ke faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne jam'in "you". Daidaitaccen Turanci ba ya raba kai da ku. Harshen Ayilan yana rabawa, tú da sibh, mutanen ba su yarda su yi asarar wannan ba. A Dublin "yous" ko "yiz", a yamma da kudu "ye". Ranar da wani direban bas ya ce wa ni da abokaina "are yiz getting on", sai na ji kamar Bahaushe ne ya ce za ku shiga?

Malama Binta:
Kuma "yous" ɗin ta haye teku. Ana jin ta a Liverpool da Glasgow da Newcastle, garuruwan da mutanen Ayilan suka kwarara cikinsu, musamman lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845. A Yorkshire kuma ta ɗaya gefen aka riƙe: tsofaffi suna da "tha" da "thee" na mutum ɗaya, kuma ba a faɗa wa na gaba da kai. Kamar yadda yaro mai tarbiyya ba ya ce wa dattijo kai, sai ku.

Tsohon Malami:
Ɗan Dublin, ka tuna min da wani abu. A makarantar da na yi a ƙarshen shekarun 1960, malaminmu na Turanci wani fada ne ɗan Ayilan, don a lokacin suna da yawa a makarantun Arewa. In zai ce "three" sai mu ji kamar "tree". "Film" kuwa "filum" yake cewa, shayi kuma wani lokaci "tay". Amma ko sau ɗaya bai taɓa rubuta waɗannan a allo ba. Ya san bakinsa na garinsu ne, allo kuwa na kowa ne. Da ya rubuta mana "tay", da yau ban isa in koyar da kowa ba. Wannan shi ne adalcin malami.

Malama Binta:
Allah ya saka masa, Baba, kuma a aji ni ma haka zan yi. Sai dai "tay" ɗin nasa ma tana da asali. Haka manyan Landan suke furta ta a farkon ƙarni na 18, har mawaƙi Alexander Pope ya haɗa amsa-amon "tea" da "obey". Daga baya Ingila ta sauya, Ayilan ta riƙe. Shi ya sa ake ganin "dacent" a maimakon "decent", da "baste" a maimakon "beast". Shaidar tana nan cikin Turancin da kuka koya mana: "great", "break", "steak" duk da "ea" ake rubuta su, amma da tsohon furucin muke faɗarsu. "Filum" kuma daga harshen Ayilan ne, wanda yake cusa ɗan wasali tsakanin l da m. Mu da muke cewa fim da fom da siliki ai ba ma ga laifinsa ba.

Hajiya Ta Manchesta:
Ni fa ina karanta ku tun ɗazu, kuma akwai abin da kuka tsallake. Kuna ta yabon wannan rubutu kamar kullum don ƙauna ake yin sa. Shekara 21 ina ƙasar nan. Sau da yawa in ka ga an rubuta maganar mutum yadda ta fito daga bakinsa, to so ake a yi masa dariya. Jarida za ta ɗauko maganar minista ta wanke ta tas, ta ɗauko ta lebura ta bar ta da "fink" da "bruvver" da "nuffink". Shi ministan ai ba yadda ake rubutawa yake furtawa ba, amma shi an rufa masa asiri. Ku tambayi 'yan Ayilan abin da mujallar Punch ta yi musu a ƙarni na 19: a zana mutum da fuskar biri, a rubuta maganarsa a karkace a ƙasa, mai karatu a Landan ya yi dariya ya ce ga waɗanda ba su isa mulkin kansu ba. Don haka ni ina bayan Baba Malam, amma dalilina daban. Ilham baƙar fata ce, 'yar baƙi. Ba na so a samu ƙofa ta biyu da za a raina ta.

Malama Binta:
Hajiya, kin taɓo inda yake ciwo, kuma gaskiya kika faɗa. Har suna abin yake da shi. Wani masani ɗan Amurka, George Philip Krapp, a 1925 ya kira wani nau'insa karin harshen ido: a rubuta "sez" a maimakon "says", ko "wimmin" a maimakon "women". Ki furta su ki ji, babu bambanci da yadda kowa ke faɗa. Kunne bai ji komai ba, ido kawai aka nuna wa cewa mai maganar nan jahili ne. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Amma ki dubi saƙon da aka turo wa Maman Ilham. Wa ya rubuta? Mai harshen. Wa ta rubuta wa? Wadda take tausayi. Tana da Turancin ofis a hannu, ta ajiye shi, ta ɗauko na gidansu. A wurina wannan jawo ta jiki ta yi. Harrufan na iya zama iri ɗaya da na mai izgili, amma hannun da ya riƙe alƙalamin daban ne.

Basakkwace:
Malama, Allah shi biya ki. Abin da munka daɗe muna hwaɗi ke nan ba a saurare mu ba. Na rubuta haka da gangan. Da yawa a zauren nan da sun ga "munka" da "hwaɗi" sun fara murmushi, don an saba ba a rubuta Sakkwatanci sai in ana son ban dariya. Ni kuwa in na rubuta wa mahaifiyata "ɗiyanki suna gaishe ki", ba wasa nake ba. Kuma "zamna" da "biyat" ba gurɓatattun "zauna" da "biyar" ba ne. Ban san zafin mutanen Newcastle ba sai yau, ashe ciwonmu ɗaya.

Auta:
Yaya Basakkwace, wallahi na yi murmushin, kuma na ji kunya. A yi haƙuri.

Tsohon Malami:
To na ji duka. Amma ku amsa min wannan. Ɗan Dublin da bakinsa ya kawo "oul", "aul", "auld", "ould". Kalma ɗaya, rubutu huɗu. Maman Ilham ta ce "yem", Malama ta ce wasu "hyem". Wanne ne daidai? In babu daidai, me za a koya wa yaro? Sannan 'yata a asibiti take aiki. Rai ne a hannunta. In kowa ya rubuta da harshen unguwarsu, wata rana za a ba wani maganin wani.

Maman Ilham:
Baba, a nan kam babu wasa. Duk abin da ya shiga fayil ɗin majiyyaci da daidaitaccen Turanci ne, ba mai karya wannan. Sai dai kunnena dole ya koyi ɗayan. Tsoho zai ce min "I've had nowt", wato bai ci komai ba, ko "me heed's bad", kansa ke ciwo, ko "Aa divvent knaa", bai sani ba. Makonnin farko na sha wuya ƙwarai. Wata abokiyar aikina ce ta zauna ta rubuta min kalmomin a takarda yadda suke faɗarsu, har yau tana aljihun rigar aikina. Da ta rubuta min "head" da "don't know", da ba ta taimake ni da komai ba, don waɗannan na san su tun a Zariya.

Malama Binta:
Baba, rubutu huɗun nan dalilinsa shi ne babu hukumar da ta taɓa zama ta tsayar musu da ƙa'ida, kowa da harrufan makaranta yake lalubo sautin gidansu. Kuma harrufan sukan gaza. Misali mutanen Yorkshire ana rubuta musu "t'pub", "t'mill", a maimakon "the". Ɗan kudu ya gani ya karanta "ta pub", abin da ba ɗan Yorkshire da ke faɗa. A bakin yawancinsu ɗan tsaikon maƙogwaro ne, irin hamzar da ke cikin sa'a da jama'a. Mu muna da alamarta, Turanci ba shi da ita.

Ita kanta wannan alama rigima ce a Sikotlan. An daɗe ana rubuta "wi'" da "a'" don "with" da "all", kamar ana neman afuwa cewa an yar da harafi. Marubutansu suka ce ba abin da ya faɗi, kalmarmu ke nan a cike. Tun a 1947 wasu mawaƙansu suka fitar da takardar ƙa'ida da ta yi watsi da yawancin waɗannan alamomi, yau za ka ga "wi" da "aw".

Akwai mutumin da nake so Baba ya sani, don irin mutanen da kake girmamawa ne. Joseph Wright, an haife shi a 1855 kusa da Bradford. Yana ɗan shekara 6 yake jan jaki a wurin fasa dutse, daga nan ya shiga masaƙa. Bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 15. Ya koya wa kansa, ya tafi Jamus ya yi digirin digirgir a Heidelberg, ya zama farfesa a Oxford a 1901. Mutumin da ya sha wannan wuya kafin ya mallaki daidaitaccen Turanci, me ya yi da shi? Ya tattara kalmomin karkara na Ingila da Sikotlan da Wales da Ayilan cikin ƙamus mai juzu'i 6, daga 1898 zuwa 1905, kowace kalma da rubuce-rubucenta daban-daban da gundumar da ake faɗarta. Bayansa Harold Orton na Jami'ar Leeds ya tura masu bincike wurare 313 tsakanin 1950 da 1961, suna zama da tsofaffin manoma suna tambayarsu sunan kowane abu, daga kayan gona zuwa sassan jiki. Wright bai ga cewa riƙe ɗaya yana nufin sakin ɗaya ba.

Hajiya Ta Manchesta:
Shi Bature ne a ƙasarsa, Malama. Ko ya ce "nowt" a Oxford, farfesa ne. Ni tsorona bai tafi ba. Amma na yarda kati ba takardar neman aiki ba ce.

Tsohon Malami:
Jan jaki zuwa farfesa! Allah mai iko. Malama, ƙamus ɗin nan ana samunsa?

Ke kuma 'yata, ga inda na tsaya. Katin ki bar shi, tunda ba ni aka rubuta wa ba, ke aka rubuta wa. Amma ki ɗauko littafin shifta na makarantarsu ki duba min. In na ga "hoose" a ciki, ni da ke ne.

Malama Binta:
Ana samu, Baba. Jami'ar Innsbruck ta ƙasar Ostiriya ta sa shi a intanet kyauta, zan tura maka ta waya. Ka fara da "nowt", za ka ga yawan yadda aka rubuta ta daga gunduma zuwa gunduma.

Maman Ilham:
Na duba, Baba. "House" ta rubuta, da "town", da "mother", malamarsu ta ba ta 9 cikin 10. "Because" ce ta kayar da ita, ta manta "a". Katin na manna shi a jikin firji yadda yake. Ɗan Dublin, in ka samu lokaci ka rubuto min na Ayilan ɗin nan, akwai wata tsohuwa 'yar gundumar Mayo ta Ayilan a gado na huɗu da kullum take ce min wani abu mai kama da "musha", ina so in san me take nufi kafin in koma aiki ƙarfe 8.

Ɗan Dublin:
"Musha" ce, Yaya, wasu su rubuta "wisha". Daga "muise" ta harshen Ayilan take. Kamar ki ce kayya, ko Allah sarki. Tausayinki take ji. Sauran zan turo miki kafin magariba.